Daga Ƙari Mara Illa Zuwa Sankara: Jagorar Bin Sawunsa a Fatar Ɓeran Gwaji

Idan ka ɗaga farin ɓeran gwaji a mako na ashirin da fara aiki, za ka tarar bayansa ya cika da ƙululu. Wani kamar ƙwayar dawa, wani kamar gyaɗa, wani kuma ya yi kai kamar ɗan farin kabeji a kan siririn wuya. Kana iya ƙirga goma sha biyar a baya guda. Ɓeran yana cin abincinsa, yana zagaye keji, babu alamar wani abu na damunsa. Akasarin waɗannan ƙululu haka za su zauna har a gama aikin, wasu ma su bushe su faɗi. Amma guda ɗaya a cikinsu, wani lokaci biyu, zai daina tasowa sama ya fara nutsewa ƙasa yana cin nama. Wannan shi ne sankara.

Na karanta rahotannin ɗalibai da dama waɗanda suka gwada wani sinadari ko ruwan wani ganye a kan irin waɗannan ɓeraye. Suka ƙirga ƙululu, suka ga sun ragu, sai suka rubuta cewa sun samo abin da ke hana sankara. Abin yana ci mini rai, domin wahalar wata shida ce da rayukan dabbobi masu yawa, amma an tsaya a rabin hanya. Rage yawan ƙari mara illa daban, hana shi rikiɗa zuwa sankara daban, kuma akwai abubuwan da ke rage yawan ƙarin su ƙara rikiɗar. Saboda haka na rubuta wannan jagora, domin wanda zai yi aikin a ɗakin gwaji mai izini, da wanda kawai yake so ya karanta sakamakon wasu da idon basira.

Inda hanyar ta samo asali

A 1775 wani likitan fiɗa a Landan, Percivall Pott, ya lura cewa masu share bututun hayaƙin gidaje, waɗanda suka fara aikin tun suna yara, suna kamuwa da sankarar fatar maraina, ya kuma ɗora laifin a kan kunkunniya. Sai a 1915 Katsusaburo Yamagiwa da Koichi Ichikawa a Tokiyo suka tabbatar da zargin a jikin dabba: suka yi ta shafa kwaltar kwal a kunnen zomaye wata da watanni har sankara ta fito. Daga baya Peyton Rous a Amurka ya ga wani abin mamaki. Idan aka daina shafa kwaltar, ƙululun kan ɓace, amma da an huda kunnen an yi rauni sai su dawo a gefen raunin. Ke nan akwai wani abu da ya kwanta a fatar yana jiran a tashe shi.

Isaac Berenblum da Philippe Shubik, suna aiki a Oksfod, su ne suka tsara hanyar a kan ɓera a 1947. Su ɗiga sinadari mai haddasa sankara sau ɗaya tak, ɗan kaɗan da ba zai yi komai shi kaɗai ba, sannan su yi ta shafa man 'ya'yan wata bishiyar Asiya, Croton tiglium, mai sa fata kumburi. Wajen ƙarshen shekarun 1960 aka tace ainihin sinadarin da ke aiki a cikin man, wanda ake kira TPA. Sinadarin farko da aka fi amfani da shi kuwa DMBA ne.

Ni nakan kira zangon farko shuka, na biyu ban ruwa, domin dokokinsu ɗaya da na gona. Iri ba ruwa ba ya tsirowa. Ruwa ba iri, laka kawai za ka samu. Idan ka fara da ban ruwa, ka daina, sannan ka yi shuka, ba za ka ga komai ba. Amma idan ka yi shuka ka bar ta watanni da yawa kafin ka kawo ruwa, har yanzu za ta fito, domin tabon da DMBA ya yi a ƙwayar gado ba ya gogewa. Zango na uku, rikiɗa, shi ne wanda bai bi dokar gonar ba, kuma shi ne zuciyar wannan jagora.

Mataki na farko: izini, kariya, da zaɓen ɓera

Kafin ka sayi ɓera ko guda, kwamitin kula da ɗa'ar bincike kan dabbobi na makarantarku ya amince da tsarinka a rubuce. A cikin takardar ka bayyana ranar da za ka cire ɓera daga wahala: girman ƙarin da ba za a wuce ba, yawanci tsakanin santimita ɗaya da ɗaya da rabi gwargwadon dokar wurin, da gyambon da ya ƙi warkewa, da ramar da ta kai kashi 20 cikin ɗari na nauyin jiki. Ƙa'idar da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959 tana nan daram: idan akwai hanyar da ba ta buƙatar dabba a bi ta, idan babu a rage yawansu, a kuma sauƙaƙa musu raɗaɗi.

DMBA yana haddasa sankara a jikin ɓera, ba kuma zai tausaya wa naka jikin ba. Ana auna shi da narka shi a cikin akwatin zuƙe iska, da safar hannu biyu-biyu, da rigar aiki da takunkumi. Haske yana lalata shi, don haka a kwalba mai duhu ake ajiye shi, a haɗa shi daf da amfani. Shimfiɗar kejin ta kwanakin farko bayan ɗiga shi shara ce mai guba, ba a haɗa ta da sauran shara. TPA kuma yana son sanyin firiza. Idan inda kake wuta ba ta tsayawa, ka warware wannan matsalar tun kafin ka fara, domin aikin zai iya kai shekara, kuma ɗakin ɓeraye na buƙatar sanyi daidai da awa 12 na haske, 12 na duhu.

Jinsin ɓeran da ka zaɓa ya riga ya yanke rabin sakamakonka. SENCAR, wanda aka yi ta zaɓar iyayensa tsara bayan tsara saboda saurin kamuwa, yana fitar da ƙululu masu yawa da ɗan sinadari kaɗan. Baƙin ɓera C57BL/6 yana da taurin kai ga TPA, za ka sha jira. FVB/N kuwa, farin ɓera ne da aka nuna a 1993 cewa ƙululunsa suna rikiɗa zuwa sankara fiye da na yawancin jinsuna. A sauran, ƙasa da ɗaya cikin goma ne ke rikiɗa. Idan tambayarka a kan rikiɗa take, FVB/N zai ba ka amsa da ɓeraye kaɗan. Kuma kada ka haɗa jinsi biyu a gwaji ɗaya, ko ka kwatanta ɓeran da aka sauya wa ƙwayar gado da wani da ba ɗan'uwansa na ciki ɗaya ba.

Ka yi amfani da matan ɓeraye. Na taɓa ganin kejin maza huɗu da aka wayi gari duk bayansu cizo ne. Bayan makonni, ƙululu suka yi layi a kan tabban cizon, suka fi na kowane keji yawa. Raunin ya yi musu ban ruwan da ba mu muka ba su ba, kamar dai hujin kunnen zomayen Rous. Dole aka cire kejin daga lissafi, ɓeraye huɗu suka sha wahala a banza.

Sai rukuni-rukuni. Banda rukunin da kake gwadawa, kana buƙatar waɗanda aka ba asiton zalla, wato ruwan da ake narka sinadaran a ciki, da waɗanda aka ba DMBA ba TPA, da waɗanda aka ba TPA ba DMBA, da waɗanda aka ba duka biyun ba tare da maganinka ba. Ka zauna da masanin ƙididdiga ya lissafa maka yawan da ya dace. Tunda sankara ba ta fitowa da yawa, rukunin ɓeraye shida ko takwas ba zai gaya maka komai game da rikiɗa ba.

Mataki na biyu: aski da shuka

Ana fara aiki da ɓeraye 'yan mako bakwai zuwa tara. Dalili shi ne gashin ɓera yana girma ne zango-zango, kuma a wannan shekarun tushen gashin bayansa yana hutu. Ka aske bayan da kilifa, daga kafaɗa zuwa gindin wutsiya, a hankali ba tare da yanka ba, ka jira kwana biyu. Duk ɓeran da gashinsa ya fara dawowa, ko wanda kilifa ta ƙwarzana, ka ware shi gefe.

Sannan ka ɗiga DMBA sau ɗaya, a narke cikin asiton mililita 0.2, ka bar ruwan ya bazu a wurin askin ya bushe kafin ka mai da ɓeran keji. A FVB/N an saba amfani da kimanin maikurogiram 25, SENCAR kuwa ƙasa da haka sosai ya ishe shi. Bayan nan ba za ka ga komai ba. Fata sumul.

Amma a ciki an yi aika-aika. Sinadaran jikin fatar da kansu suke sarrafa DMBA su mai da shi wani abu mai maƙalewa a DNA, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a rubuce da haruffa huɗu, A, C, G da T, musamman a harafin A. Lokacin da ƙwayar halittar fatar ta zo kwafar kanta sai ta yi kuskure, ta rubuta T a gurbin A. Irin wannan kuskure yana aukuwa a wurare dubbai, akasarinsu ba su da wani tasiri. Guda ɗaya ne ke da nauyi. Allan Balmain da abokan aikinsa a Cibiyar Beatson da ke Gilasgo sun gano a 1983 cewa ƙwayar gado mai suna Hras a kunne take a waɗannan ƙari, a 1986 kuma suka nuna ainihin wurin: gurbi na 61, inda CAA ya koma CTA, a fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙarin da DMBA ya shuka. Hras kamar makunnin lantarki ne da ke ce wa ƙwaya ta rabu. Wannan sauyin yana maƙale shi a kunne. Duk da haka ƙwayar takan zauna shiru, domin maƙwabtanta lafiyayyu sun kewaye ta sun matse ta.

Mataki na uku: ban ruwa

Bayan mako ɗaya ko biyu ka fara ɗiga TPA, 'yan maikurogiram kaɗan a cikin asiton, sau biyu a mako, misali Litinin da Alhamis, har mako 20. Kada ka tsallake rana, kada ka sauya lokaci. A 1982 aka gano a ɗakin gwajin Yasutomi Nishizuka a Japan cewa TPA yana kunna wani furotin mai suna PKC kai tsaye. Sakamakon shi ne kumburi da kaurin fatar sama. Duk ƙwayoyin suna rabuwa, amma mai makunnin da ya maƙale tana tsere wa saura, har ta tara zuriyar da ido zai gani. Tsakanin mako na shida da na goma ƙululun farko za su fara leƙowa. Sunansu a likitance fafiloma.

A nan ne za ka yanke shawarar da mutane da yawa ba sa lura da muhimmancinta: yaushe za ka ba da maganin da kake gwadawa? Idan kafin DMBA ne, shuka kake gwadawa. Idan tare da TPA ne, ban ruwa kake gwadawa, kuma duk abin da ke rage kumburi zai rage fafiloma. Idan rikiɗa kake so ka sani, sai ka bari ƙululun su fito, ka raba ɓerayen rukuni biyu masu yawan ƙululu daidai, sannan ka fara maganin.

Mataki na huɗu: taswira

Wannan shi ne matakin da na fi so ka riƙe. Kowane ɓera yana da lamba a kunne, kuma kowane ɓera yana da takardarsa mai zanen baya. Sau ɗaya a mako, rana ɗaya, mutum ɗaya wanda bai san rukunin da ɓeran yake ba, ya ɗaga shi ya duba. Duk ƙululun da ya kai milimita ɗaya ya kuma sake bayyana a mako na gaba, a ɗiga shi a zanen a daidai wurinsa, a ba shi lamba, a rubuta makon da ya fito. A auna faɗinsa da ma'auni mai baki biyu. A ɗauki hoton bayan da ruler a gefe, daga nisa ɗaya kullum. Idan gashi ya rufe, a rage shi da almakashi a kewayen ƙululun, ba da kilifa ba.

Aiki ne mai cin lokaci. Ɓeraye sittin za su cinye maka yini. Amma ga abin da ke faruwa idan ƙirga kawai kake yi. A wani mako ka samu goma sha biyu, mako na gaba ka samu goma. Ina biyun suka tafi? Wataƙila sun bushe sun faɗi. Wataƙila maƙwabta sun girma sun haɗe da juna. Wataƙila ɓeran ya ciza ya cire. Wataƙila kuma wani ya rikiɗa ya haɗiye na kusa da shi. Abu huɗu masu ma'ana huɗu, amma a littafin mai ƙirga duk ragi ne na biyu. Ni ma haka na fara, kuma ranar da sankara ta farko ta fito a hannuna na kasa faɗin daga wane ƙululu ta taso, ko tsohon ne ko sabo. Wannan ɓeran ya ba da ransa, amsar da yake ɗauke da ita ta salwanta.

Me ya sa ranar fitowa take da muhimmanci haka? Saboda fafiloma ba iri ɗaya ba ne, ko da a ido sun yi kama. Henry Hennings da Stuart Yuspa da abokansu a Cibiyar Sankara ta Ƙasa a Amurka sun nuna a 1985 cewa idan aka taƙaita TPA zuwa makonni kaɗan, yawan fafiloma yana raguwa ƙwarai, amma yawan sankara ba ya raguwa daidai da haka. Ke nan waɗanda suka fito da wuri, da ɗan ruwa kaɗan, suka kuma ƙi ɓacewa bayan an daina, su ne masu haɗari. Waɗanda sai da aka daɗe ana ban ruwa suka fito, akasarinsu a kan TPA suka dogara, da an janye shi sai su motse. Maganin da ya share waɗannan na baya zai sa jadawalinka ya yi kyau, alhali masu haɗarin suna nan ba a taɓa su ba.

Mataki na biyar: gane rikiɗa da ido da yatsa

A mako na 20 ka daina TPA, amma ka ci gaba da dubawa. Sankara takan fara bayyana daga wajen wannan lokaci, ta ci gaba da fitowa har mako na 40 ko 50. Wanda ya rufe gwajinsa a mako na 20 ya tashi kasuwa tun ba ta ci ba.

Fafiloma tana zaune a kan fata. Idan ka kama fatar da yatsu biyu ka ɗaga, ƙululun zai taso tare da ita, yana lilo a kan wuyansa, samansa busasshe mai ɓawo. Alamar farko ta rikiɗa ita ce wuyan ya ɓace. Gindin ya yi faɗi, kan ya baje, launin ya koma ja mai duhu. Daga nan sai gefen ya tasa ya naɗe kamar bakin tukunya, tsakiyar ta rufta ta zama rami mai jiƙa. Idan ka taɓa za ka ji tauri a ƙarƙashin fata wanda ya fi abin da ido ke gani faɗi, kuma idan ka ɗaga fatar ba ya biyo ta, ya kama naman ƙasa. Wannan sauyi na iya kammala cikin mako ɗaya ko biyu, don haka daga mako na 20 ka riƙa leƙa su kullum, ban da awon mako. Ka riƙa shafa hammata da matsematsi ko za ka ji kaluluwa, domin can sankarar ke fara zuwa kafin huhu.

Ka rubuta makon da ka fara zargi, da lambar ƙululun. Idan ya kai iyakar da kwamiti ya amince, ka kashe ɓeran ta hanyar da aka yarda, ba jinkiri, ko da kana son ƙarin mako guda na bayanai.

Mataki na shida: abin da madubi zai tabbatar

Ido zargi yake yi, madubin likita ne ke yanke hukunci. Ka yanko kowane ƙari tare da lafiyayyar fata a kewayensa da naman da ke ƙarƙashinsa, ka raba shi biyu ta tsakiya daga sama zuwa ƙasa. Rabi ya shiga fomalin mai kashi 10, ruwan adana nama, na kwana ɗaya, rabi a daskarar domin binciken DNA. Lambar da ke taswira ita za ta hau kwalba. Ka ɗebi kaluluwa da huhu su ma. Yankan da aka yi a karkace yana iya sa fafiloma ta yi kama da sankara, shi ya sa tsayuwar wuƙa take da muhimmanci.

Tsakanin fatar sama da ta ciki akwai wata siririyar shimfiɗa kamar tabarma. A fafiloma, ƙwayoyin sun yi yawa sun yi ninki-ninki, amma duk suna kan tabarmar, kuma suna balaga bisa tsari daga ƙasa zuwa sama. A sankara tabarmar ta yage. Za ka ga gungun ƙwayoyi sun zube cikin fatar ciki, wasu sun dunƙule kamar yankakkiyar albasa da ɓawo a tsakiya, wasu sun huda har siririn naman da ke ƙarƙashin fata. Mafi muni ita ce wadda ƙwayoyinta suka yi tsawo kamar mazari, suka daina kama da fata kwata-kwata. Ka ba masanin cututtukan nama ya karanta ba tare da ya san rukuni ba.

Me ya faru tsakanin waccan da wannan? Hennings da abokansa sun ba da babbar amsa a 1983: ci gaba da TPA ba ya ƙara rikiɗa, amma idan aka ba ɓeraye masu fafiloma sinadarin da ke lalata DNA, kamar yuretan, rikiɗa tana ƙaruwa. Ashe ba ƙarin ruwa ake buƙata ba, ƙarin ɓarna ce a ƙwayoyin gado. An kuma bi sawun ɓarnar. Tun a fafiloma ake fara ganin kuromozom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, na 6 da na 7 sun zama uku-uku maimakon biyu-biyu. Na 7 shi ke ɗauke da Hras, kuma yawanci kwafin da ya lalace ne ke ninkuwa, daga baya lafiyayyen kwafin ya ɓace a sankara mafi muni. Furotin na keratin 1 da 10, alamar fata mai balaga daidai, suna raguwa, keratin 13 wanda ba gidansa ba ne ya bayyana, daga baya keratin 8. Furotin E-kadherin, wanda ke liƙe ƙwayoyi da juna, yana ɓacewa a masu kama da mazari. Idan kana da halin rina nama, waɗannan za su nuna maka fafilomar da ta kama hanya tun tabarma ba ta yage ba.

Gwaji biyu ne nake so duk mai wannan aiki ya haddace. A 1993 Christopher Kemp da Balmain da abokansu suka yi amfani da ɓerayen da aka cire wa kwafi ɗaya ko duka biyun na p53, ƙwayar gado mai tsaron DNA. Masu kwafi ɗaya ba su fi sauran yawan fafiloma ba, amma rikiɗarsu ta ninka kusan sau uku. Waɗanda ba su da ko ɗaya kuwa fafilomarsu ta ma fi kaɗan, sai dai ta rikiɗa da gaggawa ta bazu a jiki. A 1996 kuma aka nuna a Gilasgo cewa ɓerayen da fatarsu ke fitar da wani furotin mai suna TGF-beta da yawa suna samun fafiloma kaɗan, amma waɗanda suka fito sun fi rikiɗa, har zuwa mai kama da mazari. Da ƙirgar ƙululu kawai aka yi, da an ce waɗannan ɓeraye sun tsira.

Mataki na bakwai: lissafi

Ka fitar da abu huɗu, kowanne a jadawalinsa: kason ɓerayen da suka sami ƙari mako-mako, matsakaicin yawan ƙari a kowane ɓera, makon da na farko ya fito, da kason fafilomar da ta zama sankara. Na ƙarshen nan ka lissafa shi da lura. Ɓeran da sankara ta sa aka kashe a mako na 28 ya tafi da sauran ƙululunsa ba su sami damar nuna halinsu ba, don haka ka yi amfani da lissafin da ke la'akari da lokacin fitar kowane ɓera. Kuma ɓera shi ne abin ƙirga a gwajin ƙididdiga, ba ƙululu ba, domin goma sha biyar a baya ɗaya jini ɗaya suke sha. Tunda kana da taswira, ka raba fafiloma gida biyu, na wuri da na baya, ka ba da kason rikiɗar kowanne.

Daga ɓera zuwa mutum

Kada ka ɗora wa ɓera abin da bai faɗa ba. Sankarar fatar mutum irin wannan hasken rana ne babban sanadinta, kuma p53 ce ke lalacewa tun da wuri, ba Hras ba. Fatar ɓera ta fi tamu siranta, kuma fafilomarsa ba ta da takwara sak a jikinmu. Duk da haka darasin shuka da ban ruwa ya tabbata a kan mutane. Masu wata sankarar fata daban, melanoma, da aka ba maganin vemurafenib, wasunsu sun riƙa fitar da sabon ƙarin fata cikin makonni. A 2012 aka nuna cewa da yawa daga ƙarin suna ɗauke da sauyi a Ras, wato dangin ƙwayoyin gadon da Hras ke ciki, mafi yawa irin na gurbi na 61 na Hras. Iri ne da ya daɗe a kwance, maganin ya zama ruwa, kuma a kan waɗannan ɓeraye aka gwada aka tabbatar.

A ƙasashenmu abin da ya fi kusa da mu shi ne zabiya da rana ke dukan fatarsa tun yana yaro, da kuma tsohon tabon ƙuna ko gyambon ƙafa da ya shekara goma ko ashirin yana rufewa yana buɗewa. Likitoci suna kiran sankarar da ke tasowa a irin wannan wuri da sunan Marjolin, likitan Faransa na ƙarni na 19. Kumburin da ba ya ƙarewa shi ne ban ruwanta. Wanda ya yi wata shida yana shafa bayan ɓera da yatsa zai gane ta a ƙafar mutum: gefe ya tasa ya naɗe, tsakiya ta rufta, gindi ya yi tauri ya kama nama. Irin wannan gyambo ba wanki da ɗauri yake buƙata ba, a yanki ɗan nama daga gefensa a kai madubi.